Daga Seoul Zuwa Hanyar Minna: Makomar Ɗan Ƙwallo Bayan Ya Ji Rauni

Ran Lahadi, 9 ga watan Satumba na shekarar 2007, samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 17 suka kara da takwarorinsu na ƙasar Sifen a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, a wasan ƙarshe na cin kofin duniya. Aka yi minti 90 babu ci, aka ƙara rabin sa'a, nan ma shiru, sai alƙalin wasa ya ce a raba gardama da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Matthew Edile ya fara bugawa, ya ci. Wanda ya bi masa wani yaro ne mai tsaron baya, sunansa Daniel Joshua. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya zuba ta a raga. Mai tsaron gidan da ya ci ɗin kuwa shi ne David de Gea, wanda daga baya ya shekara 12 yana tsare gidan Manchester United a Ingila. Ganiyu Oseni ya cika ta uku, 'yan Sifen kuwa duk ukunsu suka ɓarar da nasu, Nijeriya ta ɗauki kofin a karo na uku, bayan na 1985 da na 1993.

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A cikin shekarar da ta biyo, watau 2008, aka kira Daniel Joshua sansanin Flying Eagles, ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 20. Yana kan hanyarsa ta amsa wannan kira ya yi haɗarin mota a hanyar Minna, ya ji mummunan rauni a ƙashin baya. Bai wuce shekara 18 ba a lokacin, kuma tun daga ran nan bai sāke buga wasa ba.

Labarin nan ya tayar da wata tambaya wadda ta shafi duk gidan da ke da yaro mai kwana da tashi da ƙwallo, a Minna ne ko Kano ko Kaduna: in ɗan wasa ya ji rauni tun yana ɗanye, me ke yanke makomarsa? Jama'a kan ce girman raunin ne, wasu su ce ƙarfin zuciyar yaron ne. Duka biyu suna da nasu rabo. Amma wanda ya bi labarin 'yan wasan da abin ya faɗa wa, a nan gida da ƙasashen waje, zai tarar cewa abin da ya fi yin hukunci shi ne irin shirin da aka yi wa yaron tun kafin ranar ta zo: takardar da ya sa wa hannu, da inshorar da aka biya masa, da likitan da aka kai shi gare shi, da kuma abin da ya iya ban da ƙwallo.

ABOKAN TAFIYA SUN WUCE

Don a gane abin da aka yi asara, sai a dubi inda sauran yaran gasar nan suka kai. Toni Kroos na Jamus, wanda aka zaɓa gwarzon gasar ko da yake Nijeriya ta doke ƙasarsa da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ya ɗauki babban kofin duniya a 2014. Daga ɓangaren Nijeriya, Macauley Chrisantus, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da ƙwallaye 7, ya tafi Hamburg ta Jamus. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Lukman Haruna, ya buga wa Monaco ta Faransa, har ya je babban kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Rabi'u Ibrahim ya tafi Sporting ta Fotugal. Ba dukansu ne suka kai inda aka zata ba, amma kowannensu ya sami damar gwada sa'arsa, ya ci abinci da ƙafarsa shekaru masu yawa.

Mai horar da su, Yemi Tella, bai daɗe da dawowa da kofin ba ya rasu a watan Oktoba na 2007, bayan fama da ciwon daji. Watau cikin ɗan lokaci kaɗan ƙungiyar nan ta rasa uba, ta kuma rasa ɗaya daga cikin 'ya'yanta a fagen wasa. Flying Eagles ɗin da Joshua bai kai gare ta ba ta tafi gasar matasan Afirka a Ruwanda a farkon 2009, ƙarƙashin Ladan Bosso, mutumin Jihar Neja, ta zo ta uku. Wani yaro ya ɗauki gurbinsa, aka ci gaba da wasa. A shekarun da suka biyo baya, in sunansa ya fito a jarida, ba a shafin sakamakon wasa yake fitowa ba, sai a cikin labarin neman taimakon magani.

Wanda ya san Minna ya san cewa hanyoyin da ke shiga garin, ta Suleja da Lambata ne, ko ta Bida, ko ta Zungeru, hanyoyi ne na tireloli da tankokin mai, domin Jihar Neja ita ce mashigar manyan motocin da ke tsakanin kudu da arewa. Ɗan ƙwallon Nijeriya kuwa rabin aikinsa a kan hanya yake yin sa. Ƙungiyar Niger Tornadoes, wadda ke wasanta na gida a filin Bako Kontagora, sai ta ratsa ƙasa a cikin mota kafin ta buga wasan waje. Haka Kano Pillars, wadda 'yan bindiga suka tare a hanya a watan Maris na 2015 tana kan zuwa Owerri, har wasu 'yan wasanta suka ji rauni. Saboda haka duk lissafin da za a yi na haɗarin sana'ar ƙwallo a ƙasar nan, in bai haɗa da hanya ba, bai cika ba.

LAKA DA JIJIYAR GWIWA

Raunukan da ke kashe sana'ar ɗan ƙwallo iri-iri ne, amma biyu sun fi shahara. Na farko, kuma mafi muni, shi ne na laka, watau igiyar nan mai taushi da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, wadda ke kai saƙo zuwa hannuwa da ƙafafu ta kuma komo da shi. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma laka in ta tsinke ba ta tohowa. In kuwa matsa ta aka yi ba ta tsinke duka ba, akan sami sauƙi gwargwado, muddin an yi wa mutum aiki da wuri, aka kuma bi shi da gashi da motsa jiki na watanni ko shekaru. Abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa masu kai ɗauki ne ke ƙarasa ɓarnar ba da saninsu ba. Za a fizgo mutum daga cikin mota, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a naɗe shi a bayan wata motar, alhali kuwa likitoci sun ce wanda ake zaton ya ji ciwo a wuya ko a baya, a kwance sambal ake ɗaukarsa a kan abu mai ƙarfi, ba a lanƙwasa shi, ba a juya masa wuya.

Na biyu shi ne na gwiwa. A tsakiyar gwiwa akwai wasu jijiyoyi biyu masu tauri da suka gitta juna, su ne ke riƙe ƙashin cinya da na ƙauri kada su zame. Ta gaban ita ce ta fi tsinkewa, galibi a lokacin da ɗan wasa ya kafa ƙafa a ƙasa ya juya da ƙarfi, ko ya yi tsalle ya dira a karkace, sau da yawa ma babu wanda ya taɓa shi. Wannan jijiya ba ta cika haɗewa da kanta ba. Likita yakan yanko wata jijiyar daga bayan cinya ko daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashi, ya dasa ta a madadin wadda ta tsinke. Bayan tiyata kuma sai an yi wata 9 zuwa 12 ana horar da ƙafar a hankali kafin a koma fili, kuma matasa sun fi manya haɗarin sāke tsinka ta in suka yi gaggawa.

A nan ne yaran unguwa da yawa ke faɗawa rami. Gwiwa ta kumbura, a kai yaro wurin mai ɗori, a ja, a shafa magani, a ɗaure. Ba a raina masu ɗori ba, domin sun gaji sana'arsu, kuma sun san karaya da targaɗe. Amma jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa ba hannu ke gane ta ba, sai hoton na'ura. Kumburi zai saɓe bayan 'yan makonni, yaro ya ga ya warke ya koma fili, gwiwa ta riƙa zamewa tana cin guringuntsi, har ranar da za a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, a tarar abin da za a iya gyarawa da fari ya zama na dindindin.

BIJIMIN KADUNA

Wanda ke son ganin abin da gwiwa ke iya yi wa gwani, sai ya tuna da Daniel Amokachi. An haife shi a Kaduna a watan Disamba na 1972, ya tashi a Ranchers Bees, Clemens Westerhof ya ɗauke shi zuwa gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. A wannan shekara ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, inda a watan Nuwamba na 1992 ya ci ƙwallon farko a zagayen rukuni na sabuwar gasar zakarun Turai. Ya ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya ci Bulgeriya da Girka a kofin duniya na Amurka, ya koma Everton ya ɗauki kofin ƙalubale na Ingila a 1995, sa'an nan ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta na 1996, ranar da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Saboda ƙarfinsa aka yi masa laƙabi da Bijimi.

Duk wannan ya yi shi ne kafin ya cika shekara 24. A kofin duniya na 1998 a Faransa gwiwa ta tsayar da shi, wasa ɗaya tak ya buga. Da ya bar Besiktas ta Turkiyya a 1999, ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta neme shi, amma ya faɗi gwajin likita, ciniki ya ɓaci. Ya gwada a wasu wurare, gwiwar ba ta yarda ba. A shekarun da ɗan wasan gaba ke kai ganiyarsa, Bijimi ya riga ya rataye takalmi.

To, amma Amokachi bai shiga jarida yana neman taimako ba. Ya shekara kusan 10 yana karɓar albashin Turai bisa takardar kwantiragi, an yi masa magani a hannun ƙwararru, ga suna da jama'a. Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma horarwa: ya riƙe Nasarawa United, ya zama mataimakin Stephen Keshi lokacin da Super Eagles ta ɗauki kofin Afirka a 2013. Rauni ya karɓe masa wasa, amma ya bar masa abin yi. Tsakaninsa da Joshua akwai bambancin girman ciwo, wannan gaskiya ne. Akwai kuma wani bambancin: ɗaya ciwon ya same shi bayan ya yi girbi, ɗayan kuwa tun shuka ba ta fito ba, a daidai shekarun da yaro ya yi suna amma bai tara kome ba.

YADDA AKE YI A OSTIRELIYA

A can ƙasar Ostireliya akwai wani wasan ƙwallo nasu na kansu, wanda ya sha bamban da wanda aka sani a nan. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, kowane gefe mutum 18, ana bugu da ƙafa ana kuma kamawa da hannu. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu; in ƙwallo ta bi tsakanin na tsakiya maki 6 ke nan, in ta bi ta gefe maki 1. Wasa ne na gudu da karo da tsalle, har ɗan wasa kan taka bayan abokin hamayya ya cafe ƙwallo a sama, saboda haka tsinkewar jijiyar gwiwa ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Wasan ƙarshe na kowace shekara kan tara mutane wajen 100,000 a babban filin birnin Melbourne.

A irin wannan wasan ƙarshe ne, a 2012, wani saurayi mai tsaron baya, Alex Johnson, ya ɗauki kofi tare da ƙungiyar Sydney Swans yana ɗan shekara 20. Kamar Joshua, ya ɗanɗani daɗin nasara tun da sauran ƙuruciya. A farkon 2013, kafin a shiga gasa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka dasa masa wata, ba ta kama ba, ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓar, aka yi ta buɗewa ana sākewa, har sau biyar ana dasa jijiya a gwiwa ɗaya. Ƙungiyarsa ba ta sallame shi ba. Ta bar sunansa a cikin 'yan wasanta, yana ƙarƙashin kulawar likitocinta, shekara bayan shekara, ko da yake ba ya buga mata kome. A watan Agusta na 2018, bayan kwana 2,136, ya sāke fitowa a babbar gasa, ƙungiyarsa ta yi nasara a kan Collingwood. Mako guda bayan haka, a wasa da Melbourne, jijiyar ɗaya gwiwar, mai lafiyar, ta tsinke. Nan wasansa a babbar gasa ya ƙare.

Wani saurayin, Daniel Menzel na ƙungiyar Geelong, ya tsinka tasa a watan Satumba na 2011 yana ɗan shekara 19, ya zauna yana kallo abokansa suka ɗauki kofin shekarar. Sau huɗu ana yi masa dashen jijiya. Bayan kusan shekara huɗu ya dawo a 2015, ya ci ƙwallo huɗu a wasansa na farko, ya kuma ci gaba da bugawa har 2019.

Mai karatu zai lura cewa ɗaya ya dawo ya daɗe, ɗayan ya dawo na mako guda, alhali kulawar da suka samu iri ɗaya ce. Kuɗi da likita ba su hana ƙaddara. Abin da suka yi shi ne, sun ba kowane ɗaya daga cikin samarin nan biyu cikakkiyar dama, kuma wanda bai dace ba ya fita da mutuncinsa, bai sayar da gonar ubansa don biyan asibiti ba. Wannan kuwa ba kirkin masu ƙungiya kaɗai ya kawo shi ba. 'Yan wasan ƙasar suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, wadda ke zama da hukumar gasar a ƙulla yarjejeniya a rubuce a kan albashi da magani da tallafin wanda rauni ya kora daga fili. Tun ran gini aka yi zane.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Ba a ce babu doka a Nijeriya ba. A shekarar 2010, shekara biyu bayan haɗarin Joshua, aka kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Dokar ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin a biya magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, har da wanda abin ya same shi a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko komowa. Ɗan wasan da ƙungiya ta ɗauka tana biyansa albashi ma'aikaci ne kamar kowa. Sai dai yaron da bai riƙe takardar ɗaukar aiki ba, wanda aka yi maganarsa da baki tsakanin mai horarwa da wani dillali, da wuya ya iya nuna wa wata hukuma cewa shi ma'aikacin wani ne.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ita ma tana da nata ƙa'idodin. Ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙayyadaddu, ta kuma hana a ɗaure wanda bai kai 18 ba da kwantiragin da ya wuce shekara uku. Ta ce in an riga an sa hannu, ƙungiya ba ta da ikon warware kwantiragi da hujjar cewa ɗan wasa ya faɗi gwajin likita, shi ya sa ƙungiyoyin Turai ke yin gwajin kafin alƙalami ya taɓa takarda. Tun 2012 kuma ta buɗe wani shiri na biyan ƙungiya albashin ɗan wasanta da ya ji rauni yana bauta wa ƙasarsa, har zuwa Yuro miliyan 7 da rabi. Amma wannan shiri an gina shi ne a kan manyan ƙungiyoyin ƙasa, kuma kulob ake biya gwargwadon albashin da yake bayarwa. Yaron da bai da albashin kirki, ko an lissafa da shi, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba.

Ashe ke nan wanda ya fi kowa zama a fili babu inuwa shi ne ɗan shekara 16 zuwa 20: ya fi ƙarfin wasan unguwa, ƙasa tana kiransa tana alfahari da shi, amma bai kai matsayin da takarda za ta kāre shi ba. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Ƙasar da ta fi kowa cin moriyar yaran wannan shekaru ita ya fi kamata ta riga kowa yi musu tanadi.

KAFIN A SA HANNU

Minna gari ne na ƙwallo. Niger Tornadoes ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a shekarar 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu da ci ɗaya mai ban haushi, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017 da 2019, inda Akwa United da Kano Pillars suka fi ta sa'a a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Duk yammacin duniya, a Bosso da Tunga da Chanchaga da Maitumbi, filayen makarantu cike suke da yara masu fatan wata rana a kira sunansu a rediyo. Ba mai hana su, bai ma kamata a hana su ba. Amma akwai abubuwan da hukuma da ƙungiyoyi da iyaye za su iya yi, waɗanda kuɗinsu bai kai na bikin tarbar kofi ɗaya ba.

Ga hukumar ƙwallo ta ƙasa da ta jiha, ya kamata inshorar yaro ta fara aiki daga ranar da aka aika masa takardar gayyata, ta rufe shi tun daga ƙofar gidansu har ya komo, domin wanda ya amsa kiran ƙasa yana bakin aiki ne tun daga tashar mota. Ga ƙungiyoyi, kowane ɗan wasa ya riƙe kwafin kwantiraginsa a hannu, a kuma rubuta a ciki ƙarara wanda zai biya magani, da tsawon lokacin da albashi zai ci gaba in ya kwanta. Kada a busa usur a wasan gasa sai da motar asibiti mai aiki da wanda ya san yadda ake ɗaukar mai ciwon baya. Direbobin ƙungiya da masu horarwa su ma a koya musu wannan, tun da su ne na farko a wurin in abu ya faru.

Ga iyaye kuwa, nasu ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Kada ƙwallo ta fitar da yaro daga makaranta ko daga wurin koyon sana'a. Ko ɗan wasan da bai taɓa jin ciwo ba, da wuya ya wuce shekara 35 yana bugawa, sauran rayuwa kuwa tana da tsawo. Minna tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Ilimi, ga masu walda da kanikawa da teloli a kowace unguwa. Mai takardar sakandare in ƙafa ta ƙi shi yana iya zama mai horarwa, ko alƙalin wasa, ko malamin motsa jiki, ko ya bar harkar baki ɗaya ya kama wata.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, bai kamata a rufe shi a ɗaki ba. Wasannin naƙasassu na duniya sun samo asali ne daga wani asibitin masu ciwon laka a Stoke Mandeville ta Ingila, inda likita Ludwig Guttmann ya shirya wa majinyatansa 16 gasar harbin kibiya a 1948, domin ya ga wasa na dawo musu da ƙarfin jiki da na zuciya. Nijeriya ta fara zuwa wannan gasa a 1992, kuma masu ɗaga nauyinta sun sha kawo zinariya. A Kano ma, Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan allo mai taya. Tsohon ɗan wasa mai rauni ya san fili, ya san horo, ya kuma san abin da yara ba su sani ba tukuna. Ƙungiyar da ta ba shi aiki a cikin masu horar da ƙananan 'yan wasanta ba sadaka ta yi ba.

Ƙaddara ta riga fata, babu mai musun wannan, kuma babu takardar da za ta hana taya fashewa a hanyar Lambata. Amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da wani mutum zai zo zaure da jaka a hannu, ya ce ya ga yaro yana wasa, yana so ya tafi da shi Abuja ko Legas ko ƙetare, ya kamata uba ya ba shi wurin zama, ya sa a kawo masa ruwa, sa'an nan ya tambaye shi abu uku: ina takarda, wa zai biya asibiti in yaron ya ji ciwo, kuma yaya za a yi da karatunsa. In amsa ta fito a rubuce, a yi wa yaro addu'a a sallame shi. In kuwa baƙo ya fara kame-kame, to, gara yaro ya ƙara shekara guda yana wasa a filin unguwa. Allah ya kiyaye 'ya'yan jama'a a fili da kan hanya, ya kuma ba marasa lafiya sauƙi, amin.